Oga ya ce in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, wai don in fita da mutunci

Wasiƙa

Assalamu alaikum, Malam. Shekarata tara ina aiki a reshen wani kamfanin inshora a nan Kano. Na fara da yawon neman kwastoma a kan kamasho, har aka tabbatar da ni, yanzu ni ke riƙe da sashen kasuwanci, da yara biyar a ƙarƙashina. Tun da aka canza shugaban kamfani a Legas komai ya rikice. An ninka mana kuɗin da za mu riƙa kawowa duk wata, an soke kuɗin mai, kuma duk safiyar Litinin sai an tara mu a Zoom ana kiran sunan mutum ana karanta abin da ya kawo, kamar ɗan firamare. A taron ƙarshen shekara sabon shugaban ya ce mu iyali ɗaya ne, ba wanda za a taɓa. Ba a yi wata biyu ba aka sallami mutum huɗu a reshenmu. Ɗayansu ya zo da safe ya kunna kwamfuta ta ƙi karɓar lambarsa, da haka ya gane. Maigadi ne ya raka shi bakin get, mutumin da suka shekara goma suna gaisawa.

Makon jiya manajana ya kira ni ofis ya turo ƙofa. Ya ce sunana yana cikin rukuni na biyu na waɗanda za a sallama, amma saboda ana tare, gara in rubuta takardar ajiye aiki da kaina kafin ƙarshen wata. Wai zai fi kyau a tarihina, kuma zai sa baki a ba ni albashin wata biyu. Ya ce kada kowa ya ji. Mutumin nan shi ya kawo ni kamfanin, ya zo sunan 'ya'yana biyu.

Shekarata 41, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata a wurina. Akwai bashin asusun ma'aikata a kaina, da shi na sayi fili. Ban gaya wa matata ba, kullum na shiga gida sai fara'ar dole. Dama tun farko 'yan'uwa ba sa son aikin, suna cewa inshora haramun ce, yanzu ina jin nauyin su ce ai ga irinta nan. Barci ya ƙaurace min. Wani lokacin sai in ji kamar in hau Facebook in tona musu asiri, don na san yadda ake ja wa mutane rai a kan diyyarsu. In rubuta takardar ne, ko in jira?

Naka, wani ma'aikaci daga Kano.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka rubuta. Ko da sauran maganata za ta wuce ka saboda gajiya da rashin barci, riƙe wannan: takardar da za ta raba ka da aikin shekara tara, bari su rubuta ta da hannunsu, a kan takarda mai tambarin kamfani, da sa hannun wanda ke da ikon sa hannu.

A 2005 ina aiki a reshen wani banki, lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya tilasta wa bankuna haɗewa, aka tashi daga 89 aka koma 25. Akwai wani abokin aikina, teburinsa na kallon nawa, mutum mai yawan kunya, irin wanda ko biro zai ara sai ya ba da haƙuri sau biyu. Manaja ya kira shi ya yi masa irin maganar da aka yi maka, kusan kalma da kalma. Ya dawo ya zauna, ya yagi takarda daga littafin ajiyarsa ya rubuta layi huɗu, ya ce in duba masa Turancin. Na duba, na gyara masa waƙafi ɗaya. Har yau wannan waƙafin yana ci min rai. Bayan sati uku shi kansa manajan aka sallame shi. Da abokina ya je hedikwata neman abin da aka yi masa alkawari, wata yarinya a sashen ma'aikata ta jawo fayil ta nuna masa rubutunsa, ta ce a takarda shi ne ya tafi don raɗin kansa, kuma tunda bai ba da sanarwar wata guda ba, banki ne ma ke bin sa. Wanda ya yi alkawarin kuwa yana gida yana neman nasa haƙƙin.

Ba ina cewa manajanka mayaudari ba ne. Mai yiwuwa da gaske yake ganin taimakonka yake yi. Mai yiwuwa kuma an yanka masa adadin mutanen da zai rage, kamar yadda aka yanka maka adadin kuɗin da za ka kawo, kuma wanda ya tafi da ƙafarsa ya fi sauƙin lissafi: babu kuɗin sallama, babu kuɗin sanarwa, babu ƙara a kotu, babu ƙungiya mai tambayar dalili. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to kada ka ɓata ƙarfinka wajen fushi da maratayi. Amma kuma kada zuwan suna biyu ya sa ka ɗora abincin mutum bakwai a kan maganar da aka yi bayan an turo ƙofa. "Zan sa baki" ba ya cikin fayil.

Maganar tarihi kuwa, juya ta ya kamata a yi. Akwai bambanci tsakanin kora saboda laifi da sallama saboda rage ma'aikata. Ta farko ce ke bin mutum. Ta biyu, babu wani mai ɗaukar aiki a wannan harka da bai san abin da ke faruwa ba. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 10, na inshorar dukiya da haɗura daga biliyan 3 zuwa biliyan 15, na masu yi wa kamfanoni inshora daga biliyan 10 zuwa biliyan 35, NAICOM kuma, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta ba su wa'adin shekara guda. Kamfanin da ke neman masu zuba jari ko abokin haɗewa, abu na farko da yake gyarawa don ya yi kyau a ido shi ne lissafin albashi. An yi haka a 2007, kamfanoni sama da ɗari suka koma 49. Ina faɗa maka wannan ne don ka daina kwana kana tuhumar kanka. Ba don ka gaza a Kantin Kwari ko Sabon Gari sunanka ya shiga jerin ba. Lissafi ne aka yi a wani bene a Legas, da mutanen da ba su san fuskarka ba. Shi ya sa ma zancen "iyali ɗaya" bai kamata ya ba ka mamaki ba. Ni dai ban taɓa ganin gidan da ake canza wa ɗa makulli yana barci ba. Da shugaban ya fito ya ce za a rage mutane, ga yadda za a zaɓa, ga abin da za a bayar, da an ji zafi, amma da kowa ya shirya. Ya zaɓi a tafa masa a ɗakin taro.

To me za ka ce wa manaja? Ka koma wurinsa da ladabinka, ka gode masa da ya sanar da kai, don ko ba komai ya ba ka abin da waɗancan huɗun ba su samu ba, wato lokaci. Sannan ka ce: "Yallaɓai, na yi tunani. Ba zan iya ajiye aiki ba. In kamfani ya yanke shawarar sallamata, ina jiran takarda. In kuma akwai tayin rabuwa cikin yarjejeniya, a rubuto min shi daga sashen ma'aikata in duba." Shi ke nan. Kada ka yi gardama, kada ka kawo zancen shari'a, kada ka ce za ka yi shawara da wane. In ya matsa, maimaita masa cikin murmushi. Da ka koma teburinka, rubuta a littafinka na gida ranar da aka yi maganar, da lokaci, da abin da aka faɗa.

Ban rufe ƙofar yarjejeniya ba, ka lura. In suka rubuto tayi mai adadi, mai ranar biya, mai bayanin yadda za a yi da bashinka, kuma ya kai ko ya fi abin da za ka samu in sallamarka aka yi, babu aibi ka karɓa. Amma ba za ka san ya kai ko bai kai ba sai ka san abin da kake bi. Don haka yau da dare, maimakon juyi a kan gado, ɗauko takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Nemi shafin da ya yi maganar rage ma'aikata, da na sanarwa, da na garatuti in akwai. Ƙara kwanakin hutun da ba ka ci ba da kamashon da ba a biya ka ba. Sau da yawa mutum yana haɗa lissafin nan sai ya ga "albashin wata biyu" da ake yi masa gori da shi ko rabin haƙƙinsa bai kai ba. In ba ka da kwafin waɗannan takardu a gida, gobe ka fara da su, tun kwamfutarka tana buɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Doka tana da abin cewa, sai dai kada in cika maka baki. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce in za a rage ma'aikata sai an sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, kuma a yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya ba wanda ya shekara biyar zuwa sama sanarwar wata guda. Matsalar ita ce ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ta cire masu muƙamin gudanarwa da ƙwararru, kai kuma mai riƙe da sashe ne, don haka kamfani zai iya cewa ba ta hau kanka ba. Abin da zai tsaya maka shi ne yarjejeniyar aikinka, da littafin ƙa'idoji, da duk wata yarjejeniya da aka ƙulla da ƙungiya. In kana biyan kuɗin ASSBIFI, ƙungiyar manyan ma'aikatan bankuna da inshora, yanzu ne ranar amfaninta. Sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano, kuma ta sha ɗaukar murabus ɗin dole a matsayin kora. Amma tabbatar da cewa dole aka yi maka, bayan ga rubutunka ga sa hannunka, aiki ne na shekaru da kuɗin lauya. Kuɗin zama ɗaya da lauyan da ya san harkar ƙwadago, kafin ka sa hannu a komai, ya fi araha nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba. Ranar da ka ƙi rubuta takardar, wani zai iya buɗe fayil ɗinka da sabon ido. Kamfanin da ba ya son biyan kuɗin sallama yakan nemi laifi, kuma sashen kasuwanci a inshora wuri ne da laifi ba ya wuyar samu. Ka san abin da nake nufi. Alhaji ya miƙo kuɗin inshorar tirelolinsa uku a leda ranar Juma'a bayan masallaci, aka riƙe zuwa Litinin. Kwastoma ya turo kuɗi asusun yaronka saboda "ya fi sauri". An ba mutum takardar mota a kan zai biya gobe, alhali ƙa'idar ita ce ba biya, ba inshora. Kuɗin tafiya Katsina da aka karɓa ba a kawo rasit ba. Duk waɗannan a ranar zaman lafiya ido ake kawarwa, a ranar rage mutane kuwa su ne takardar tuhuma. Bi su ɗaya bayan ɗaya cikin satin nan ka rufe. Kada sisin kwastoma ya sake kwana a hannunka ko hannun yaranka. Duk abin da ka miƙa, a sa maka hannu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma kada ka kwashi bayanan kwastomomi daga kwamfutar kamfani zuwa wayarka da sunan tanadi. Mutanen da suka yarda da kai suna da lambarka, za su neme ka.

Duba asusun fanshonka ma. Dokar fansho ta 2014 ta ce kai ka zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinka, kamfani kashi 10, kuma a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ke cikin matsi yakan cire a takardar albashi ya ƙi zubawa. Nemi cikakken bayanin asusunka ka bi wata-wata, in da giɓi ka rubuta musu tun kana ciki, in sun ƙi akwai PenCom, hukumar da ke kula da fansho. Tunda ba ka kai 50 ba, in ka yi wata huɗu babu aiki kana iya neman kashi 25 na abin da ke asusun. Ka san da shi, amma ka bar shi a matsayin tulun ƙarshe. Bashin filin kuma, je ka tambayi sakataren asusun yadda ake yi da wanda aka sallama, don yawanci daga kuɗin sallamar ake zare shi gaba ɗaya, kada ka ƙirga kuɗin da ba za su iso hannunka ba.

Facebook kuwa, a'a. In da gaske ana danne wa mutane diyya, wurin kai ƙara yana nan, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma kana iya nuna wa kwastoman da aka zalunta hanyar. Rubutun dare cikin fushi zai ba su dalilin korar da suke nema, kyauta, ya kuma bi ka duk inda ka je neman aiki. Harkar inshora a ƙasar nan ƙaramin gari ce.

Sai maiɗakinka. Ɗan'uwa, ta sani. Matar da ta haifa maka huɗu ta san bambancin dariyarka ta gaske da ta dole, ta ji juyinka da dare, ta ga tuwon da kake ragewa. Abin da ba ta sani ba shi ne dalili, kuma zuciyar da ba a ba dalili ba takan ƙirƙiro nata, wanda sau da yawa ya fi gaskiyar muni. Kila yanzu haka tana can tana zargin aure za ka ƙara. Zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka gaya mata yadda ake ciki, da lissafin da ka haɗa a hannunka, don labari da lissafi ya fi labari tsirara sauƙin ɗauka. Ita ta san inda za a rage a cefane, ta san adashen da za a iya ɗagawa, kila ma tana da abin da ta ɓoye wanda ba ka sani ba. Hajiya kuma a bar ta tukuna, sai magana ta tabbata.

Zancen 'yan'uwa da haramci, ni ba mai fatawa ba ne. Gaskiya ne majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta nuna ta taimakekeniya a madadinta. Amma wanda zai ce sallamarka hukunci ne, sai ya faɗa mana laifin ma'aikatan masaƙun Kaduna da Kano da aka rufe. In kuwa abin ya daɗe yana sosa maka rai kai kanka, to ga ƙofa. Takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya, ta fara ne a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor da Jaiz da ke yin ta zalla. Abin da suka fi buƙata a Arewa shi ne mutum irinka, wanda ya shekara tara yana zama a kan benci a rumfar ɗan kasuwa yana bayyana masa da Hausa abin da zai faru in gobara ta tashi, kuma aka san shi a masallaci. Akwai dillalan inshora, akwai kamfanonin inshorar lafiya. In kana da takardar CIIN, cibiyar da ke ba da shaidar ƙwarewa a inshora, ka ɗora ta a sama, in ka tsaya a tsakiya ka koma ka ƙarasa. Fara tuntuɓa yanzu da albashi ke shigowa, don muryar mai aiki daban take a waya.

Yaran nan biyar da ke ƙarƙashinka, kada ka ce musu ba abin da zai faru. An faɗa muku haka a taro, ka ga yadda ta kaya. Ba sai ka fallasa sirrin manaja ba. Ka ce musu lokaci ne na tsantseni, kowa ya haɗa takardunsa, kowa ya rufe lissafinsa, kada wanda ya sa hannu a abin da bai kai gida ya karanta ba. Ranar Litinin in an kira sunan ɗayansu a Zoom ana muzanta shi, ka karɓi maganar ka ce sashenka ne, kai za ka amsa.

Shi kuma wanda maigadi ya raka bakin get, ka kira shi kuwa? Na san yadda ake yi, kowa sai ya ɗauke ƙafa kamar sallamar tana yaɗuwa. Je ka gidansa ranar Asabar da 'yar ledar lemo. Tambaye shi me aka rubuta a takardarsa, nawa aka ba shi, an biya ko har yanzu ana cewa ya jira, me aka zare. Amsarsa ita ce ma'aunin da za ka auna alkawarin wata biyun da shi. In ka samu tayin a rubuce, turo min adadin ba tare da sunan kamfani ba, mu duba tare.